Tsakanin Goshin Doki da Idon Mahayi: Masu Hoton Magarya da Dungas da Saitin Dogon Gilashi

Duk wanda ya taɓa tsayawa da kyamara a bakin filin kokowa, ko a gefen hanyar da dawaki ke bi ranar sallah, ya san wannan takaicin. An ɗauki hoto, a ɗan allon bayan kyamara ya yi kyau, sai an koma shago an buɗe shi a kwamfuta a tarar fuskar ɗan kokowa ta yi dishi-dishi, 'yan kallon da ke bayansa kuwa sun fita tar, har ana iya ƙirga zaren hular wani dattijo da bai ma san an ɗauke shi ba. Yaron shago ya dubi allo ya ce, "Maigida, gilashin nan fa ya gaji." Maigida ya ce a'a, hannunka ne ke rawa. Sau da yawa dukansu ba su canka ba.

A gundumomin Magarya da Dungas, kudancin jihar Damagaram, inda Nijar ke jingine da Jigawa da Katsina, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Yanki ne mai cikar jama'a. Ƙidayar 2012 ta ba Magarya mutum sama da dubu 570, Dungas kuwa, wadda aka cire daga Magarya a 2011, sama da dubu 350. Inda mutane suka yi yawa haka taro ba ya yankewa. Daga Bande zuwa Waca, daga Tsatsumburum zuwa Malawa da Dogo-Dogo, in ba naɗin sarauta ba to saukar karatu, in ba sukuwa ba to kokowar kaka bayan gero ya shiga rumbu. Sai dai wayar hannu ta riga ta cinye kasuwar hoton kusa. Amarya da ƙawayenta ba sa jiran kowa, kowace da tata. Abin da ya rage wa mai hoto na sana'a shi ne inda waya ba ta kaiwa: fuskar sarki ta tsakanin rawunan dogarai, idon ɗan kokowa sa'ad da ya sunkuya zai ɗauki ƙafa, mahayi cikin ƙura ya ɗaga mashi. Duk aikin dogon gilashi ne, mai milimita 200, 300 ko fiye, shi kuwa ba ya yafe kuskure.

Lissafin a fili yake. A ɗauki gilashi mai milimita 300, bakinsa a buɗe a f/5.6, a kan irin ƙananan kyamarorin Canon da Nikon da suka fi yawa a hannun mutane. Idan abin da ake ɗauka yana nisan mita 15, zurfin wurin da zai fita garau, gaba da baya duka, kimanin santimita 55 ne, kamu ɗaya ke nan. In ya matso zuwa mita 8, sai ya koma wajen santimita 15. Wannan ma a ma'aunin hoton da aka wanke a madaidaiciyar takarda ne. Wanda zai ja hoton a kwamfuta har ƙarshe, abin da zai yarda da shi bai fi rabin haka ba. Kyamarar da ke zarcewa da santimita 10, a hoton ɗaki da gajeren gilashi ba mai lura. A mita 8 da dogon gilashi, ta bar ido ta kama kunne.

Mai awo daban, mai ɗauka daban

Kyamara mai madubi a ciki, wadda ake kira DSLR, ba da sensar da ke ɗaukar hoto take auna nisa ba. Hasken da ya shigo ta gilashi yakan faɗa wa babban madubi, mafi yawansa ya haura zuwa tagar da mai hoto ke leƙawa. Tsakiyar madubin ba ta tare haske duka. Wani kaso yakan ratsa ya sami wani ƙaramin madubi da ke maƙale a baya, shi kuma ya tura shi ƙasa, wurin wata 'yar na'urar awo da ke kwance a gindin kyamara. Ita ke raba hasken gida biyu, ta duba tazarar da ke tsakaninsu, ta ce wa motar gilashi ta juya kaza, ta ɓangare kaza. Da an danna sai madubai su ɗaga, haske ya miƙe zuwa sensa. Dole tafiyar haske zuwa mai awo ta zo daidai da tafiyarsa zuwa mai ɗauka. In aka sami bambancin milimita 0.05, wanda ido ba zai ma gani ba, a nisan mita 15 da gilashin 300 zai koma kuskuren kusan santimita 12.

Tun 1985, da Minolta 7000 ta shigo kasuwa, sannan Canon ta biyo da jerin EOS a 1987, a kan wannan tsari ake tafiya. Kowace kyamara da kowane gilashi suna fitowa daga ma'aikata da ɗan kuskuren da kamfani ya amince da shi. Kamar tiyar kasuwa ne: ta mai sayarwa ta ɗan gaza, ta mai saye ta ɗan zarce, kowace ita kaɗai ba a cewa ta ha'inci ce, amma a auna buhu da su a ga rigima. In kuskuren kyamara da na gilashi suka karkata gefe ɗaya sai su haɗu su yi yawa. In suka saɓa sai su kashe juna, mai kayan ya yi ta yabon gilashinsa.

Har zuwa 2007 maganin abin ɗaya ne, a kai wa kamfani kyamara da gilashi tare. A shekarar ne Canon EOS-1D Mark III, da Nikon D3 da D300, suka zo da wurin da mai kyamara zai yi gyaran da kansa, daga −20 zuwa +20. Wanda kyamararsa ta biyo ta Kano zai ga AF Microadjustment a Canon, AF fine-tune a Nikon. Wadda ta biyo ta Yamai ko Kwatano da Faransanci, Micro-ajustement de l'AF ko Réglage précis de l'AF za a gani. Alamar ƙari tana tura saiti baya, nesa da kyamara. Alamar ragi tana jawo shi gaba.

Ita kanta 1D Mark III ɗin ta sha magana a shekarar da ta fito. Rob Galbraith, wani mai hoton jarida ɗan Kanada, ya yi ta wallafa gwaje-gwajen da ke nuna tana ɓata saiti a rana mai haske da zafi, daga baya Canon ta amsa cewa akwai matsala a ƙaramin madubin wasu daga cikinsu, ta karɓa ta gyara. Zafin da ya tona wannan aibi a can, a Magarya sanyin safiya ne.

Ba kowace kyamara ke da wurin gyaran ba, kuma a nan ne da yawa za su yi sanyin gwiwa. Canon 50D, 7D, 70D, 80D, 6D da 5D daga Mark II zuwa sama suna da shi. 60D ba ta da shi, haka 600D, 700D, 1200D, 1300D da 2000D. A Nikon, D300, D7000 da ƙannenta, D500, D610, D750 da D800 suna da shi. D90 da duk jerin D3000 da D5000 babu. Su ne kuwa masu araha, su ne mai fara sana'a ke iya saye.

Laifin da ba na gilashi ba

Ni dai a ganina, a wannan yanki, cikin hotunan da suka lalace kaɗan ne ke da alaƙa da wancan lissafi na −20 da +20. Wanda ya yi gaggawar taɓa lambobin kafin ya kore sauran dalilai, kyamara lafiyayya zai ɓata.

Na farko zafi. A Afrilu da Mayu ma'auni kan haura 40, rairayi ya gasu, iskar da ke kansa ta yi ta motsi, haske ya riƙa lanƙwasa a cikinta. Kawalwalniyar da ake hangowa a kan kwalta ita ce dai ke tsakanin gilashi da abin da ake ɗauka, sai dai ido ba ya kama ta a mita 40, gilashin 400 kuwa yana kamawa ya ƙara mata girma. Alamarta ba ta ɓuya: babu wurin da ya fita a hoton, gaba ko baya, kuma miƙaƙƙen abu kamar turken wuta ko sandar tuta sai a ga gefensa ya yi zigizag. In mai hoto ya durƙusa kusa da ƙasa abin ya fi muni. Babu lamba a cikin kyamara da ke maganin wannan, sai dai a matsa kusa, ko a hau wuri mai tudu, ko a jira la'asar sakaliya. Shi kansa gilashin zafi yana taɓa shi. Shi ya sa zoben saitin manyan gilasai yake ɗan wuce alamar iyaka, don a bar wa ƙarfe da gilas wurin miƙewa, shi ya sa kuma Canon ta fara shafa wa manyan gilasanta farin fenti tun 1976.

Na biyu hazo da ƙura. Lokacin kokowa lokacin hunturu ne, tun daga ta ƙauye har zuwa gasar takobi ta ƙasa da aka soma a Tawa a 1975, wadda 'yan kokowar Damagaram ke fitowa daga irin waɗannan garuruwa su je su nema. Na'urar awo tana neman wurin da baƙi ya haɗu da fari ne. Hazo kuwa sai ya mai da komai ruwan toka, gilashi ya yi ta kai-komo yana kuka. Ga kuma abin da ba a cika tunawa ba: na'urar awon nan a kwance take tana kallon sama, duk ƙurar da ta shiga lokacin canjin gilashi a kanta take sauka. Kyamarar da bara take kama saiti cak, bana ta fara shakka, a fara da ɗaga madubi, a kifa ta, a hura mata iska da famfon roba. Ba da baki ba, kuma kada yatsa ko tsumma ya taɓa madubi.

Na uku doki. Dokin da ya sako a guje wurin jahi, a ce kilomita 40 a awa, yana cin mita 11 a daƙiƙa. Tsakanin danna maɓalli da ɗagawar madubi ya riga ya shafe fiye da rabin mita, ya fita daga wurin da aka saita. Wanda ya bar kyamara a One Shot ko AF-S, hotonsa kullum zai nuna kamar saiti ya faɗa baya, alhali dokin ne ya matso. AI Servo a Canon, AF-C a Nikon, su ne na abin da ke gudu. Sannan goshin doki yana gaban fuskar mahayi da wajen mita guda, ga linzami da ado masu walƙiya. In aka bar wa kyamara zaɓi, abin da ya fi kusa kuma ya fi ƙyalli za ta kama. Doki ya fita, mai doki da zai biya kuɗi bai fita ba. Ɗigo ɗaya ake zaɓa, a ɗora shi a fuskar mutum ko a rawaninsa. Haka yake ga mai son tsuntsaye a tabkin Lassuri, wanda ya shiga jerin dausayoyin Ramsar a 2005, ko mai harin shamuwa a sheƙarta: reshen da ya gitta gabanta kyamara za ta riƙe.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin mutum. Rawar hannu, wadda a gilashin 300 take bukatar saurin ƙiftawa 1/500 ko sama, ga mai gudu kuma 1/1000. Ɗan gilashin kariya mai araha da ake ɗaurawa a gaba, wanda a gajeren gilashi ba ya nuna aibi, a dogo kuwa yakan dusashe hoto. Da 'yar ƙaramar dabaran da ke gefen tagar leƙe, wadda in ta goce sai mai hoto ya ga duhu-duhu alhali hoton lafiya lau yake.

Akwai sheda guda da wannan ƙasa ta ba masu hotonta kyauta: rairayi. A buɗe hoton kokowa a dubi ƙasa, ba fuska ba. Za a ga wani ɗan zirin wuri inda sawun ƙafa da tsakuwa suka fita ɗaya-ɗaya, gabansa da bayansa sun narke. In zirin yana ƙarƙashin ƙafafun 'yan kokowa amma jikinsu bai fita ba, motsi ne. In babu zirin sam, zafi ne ko rawar hannu. In kuwa a hoto bayan hoto, har da na mutanen da ke tsaye cak, zirin yana faɗawa taku ɗaya bayansu, ko taku ɗaya gabansu, kullum gefe guda, to yanzu ne maganar gyaran lamba ta taso.

Gwajin safiya

Gwajin ba ya son tsakar rana. Da safe ake yi, tsakanin ƙarfe bakwai da tara, kafin ƙasa ta ɗauki zafi, a ranar da gari ya washe, da hasken rana ba na ƙwan lantarki ba. Akwai kayan gwaji na saye irin su LensAlign da SpyderLensCal, da manhajar FoCal, amma kafinta da tela sun isa. A sami shafaffen allon katako a manna masa shafin jarida mai manyan baƙaƙe, a tsayar da shi yana fuskantar kyamara sak, tsakiyarsa daidai da tsayin gilashi. A gefensa a kafa wani dogon katako a karkace, rabi gaban allo rabi baya, a manna masa tef ɗin tela, a yi jan layi a inda ya yi kafaɗa da allon. A kan jarida ake saiti, tef na karatu ne kawai. Wanda ya saita a kan tef ɗin ya ɓata gwajin, don abin da na'urar awo ke gani ya fi ɗan akwatin da ke cikin taga faɗi, ba a san lambar da ta kama ba.

Nisa fa? Chuck Westfall na Canon a Amurka ya ba da shawarar a ninka tsawon gilashi sau 50: mita 15 ga mai 300, mita 20 ga mai 400. Wasu na rage shi zuwa sau 25 ga manyan gilasai. Abin da ya fi hankali shi ne mutum ya gwada a nisan da ya saba aiki. Filin makaranta ranar da ba karatu ya isa.

A ɗora kyamara a kan ƙafa uku. Wanda ba shi da ita, buhun gero a kan tebur ba ya motsi. A kashe abin hana rawar hoto, wato IS ko VR, a zaɓi ɗigon tsakiya, a sa One Shot ko AF-S, a zuƙo gilashi iyakarsa, a buɗe bakinsa duka, a sa jinkirin daƙiƙa biyu don hannu ya bar jikin kyamara. Hoton farko da allon baya za a ɗauka, wato Live View, domin a nan sensa da kanta ke duba saiti, ba ruwanta da madubai. Wannan hoton shi ne iyakar abin da gilashin zai iya. In shi ma bai fita ba, a naɗe tef a koma gida, ba matsalar lamba ba ce. Gilasai masu araha irin 75-300 dama ba su da kaifi sosai a ƙarshensu, ba kuma lambar da za ta ba su abin da ba a ƙera su da shi ba.

Daga nan a koma tagar leƙe. Kafin kowane hoto a mai da gilashi MF, wato saitin hannu, a murɗa zobe a ɓata saitin, a mayar AF, a bar kyamara ta nemo da kanta. Hoto biyar a sifili, biyar a +5, biyar a −5, haka har +20 da −20. A kwamfuta ake dubawa, a ja hoto kashi 100, ba a allon kyamara ba, ba kuma bayan ya bi ta WhatsApp an matse shi ba. In lambobin tef da suka fita suna gefen kyamara ne daga jan layi, saiti ya gaza, a tafi ƙari. In suna can baya, ya zarce, a tafi ragi. Da an gano tsakanin da gaskiya take, a ce +5 zuwa +10, sai a bi ɗaya-ɗaya. Hotuna biyar ɗin ba za su taɓa zuwa iri ɗaya ba, rinjaye ake bi, kuma bambancin lamba ɗaya ko biyu bai kai a ɓata safiya a kansa ba.

Gilashin zuƙowa yana da nasa wulaƙancin: abin da ya dace da 70 ba lalle ya dace da 300 ba. Canon 5D Mark III, 6D, 70D da 7D Mark II suna karɓar lamba biyu, ta gajeren gefe da ta dogo. Yawancin Nikon, kafin D780 da D6 na 2020, ɗaya suke karɓa. Mai lamba ɗaya ya ba dogon gefe, can ne kuskure ke ciwo.

Gilashin aro

Dogon gilashi yana da tsada, a garuruwa irin waɗannan kuwa aro tsakanin abokan sana'a ba abin kunya ba ne, musamman ranar babban taro. A nan akwai tarko. Lambar da aka samu ta wannan kyamara ce da wannan gilashi, su biyu kaɗai. +7 na maigida ba ya bin gilashi zuwa kyamarar wani. Abin da ya fi haka, Nikon da tsofaffin Canon irin 50D da 7D suna gane gilashi da samfurinsa ne, ba da lambar jikinsa ba. Wanda ya ajiye wa nasa 70-300 lambar +7, ya aro na abokinsa iri ɗaya, kyamara za ta ɗora masa +7 ɗin ba tare da ta tambaya ba. In ba lokacin gwaji, a kashe gyaran gaba ɗaya, a tsuke baki. Kuma wurin ajiya a zaɓi na gilashi ɗaya-ɗaya, kada a zaɓi wanda ke shafar duk gilasai, in ba haka ba gyaran dogo zai lalata hoton fasfo.

Masu kyamarar da ba ta da wurin gyara ba su rasa dabara ba, rana ma tana gefensu. Da tsakar hasken nan namu, ISO 400 da f/8 suna ba da ƙiftawa wajen 1/1600, kuma daga f/5.6 zuwa f/8 zurfin wurin da ke fita yana ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin ɗari. Sarki a zaune, liman a kan mumbari, a ɗauke su da Live View. Wurin jahi, inda aka san nan dawaki ke ja su tsaya, a saita ƙasar wurin tun kafin su taso, a jira su shigo. Mai gilashin Sigma ko Tamron na baya-bayan nan, irin 150-600, yana da wata hanyar: USB Dock na Sigma da ya fito a 2013, da TAP-in Console na Tamron na 2016, suna rubuta gyaran a cikin gilashin kansa ta kwamfuta, a nisa daban-daban da tsawo daban-daban, ko da kyamarar D3300 ce.

Sababbin kyamarori marasa madubi, irin Sony A7 na 2013 da Nikon Z da Canon R na 2018, a kan sensa suke awo, wannan ciwo kusan bai shafe su ba. Amma komawar Turai da Amurka gare su ita ce ke turo tsofaffin DSLR da gilasansu kasuwar gwanjo, su sauka Legas da Kwatano, su hauro Kano, su tsallako iyaka. Kaya ne da suka yi shekaru a hannun wasu, wasu sun sha faɗuwa, a nan kuma ga girgizar kabu-kabu a hanyar burji. Don haka gwajin ba na sau ɗaya ba ne. Bayan faɗuwa, ko gabanin sallah, a sake.

In gilashi ya nemi fiye da 20, ko yau ya ce ƙari gobe ya ce ragi, aikin mai gyara ne, mai gyara kuwa yana da nisa. Waɗanda suka saba kai kaya Kano sun ga yadda iyaka ta rufe daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ta sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023 har Maris 2024. Saboda haka a wurin ciniki ya kamata a tsananta. A je da kyamarar da za a yi aiki da ita, a ɗaura gilashin, a zuƙo shi duka, a buɗe bakinsa, a ɗauki katangar bulo da ke fuskantar mutum sak, sau ɗaya ta taga sau ɗaya ta allon baya. In na allon baya ya fita ko'ina, na taga ne kawai ya ɗan kauce, a saya, lamba za ta gyara. In gefen dama ya fita na hagu ya mutu, wani gilas a ciki ya goce daga mazauninsa, a miƙa wa mai shi kayansa tun ba a ƙirga kuɗi ba.